Nonon Asta da Tururuwar Goggo

Duk wanda ya zauna a unguwar Luggere ta Jimeta a shekarun da ake kiranmu Jihar Arewa Maso Gabas ya san Asta mai man gyaɗa. Gajeriya ce, mai saurin tafiya, ba ta da yawan magana sai in an taɓo ta. Zana ɗaya ce ta raba gidana da nata, zanar ma duk ta huje, saboda haka abin da zan faɗa ba a kasuwa na tsinto shi ba.

A Damare aka haife ta, ƙetaren kogi, gidan manoma. Mahaifinta ya rasu tana ƙarama. Bayan samun mulkin kai da ɗan kaɗan ta auri Bobboyi, ɗan goggonta. Babu wanda ya matsa mata. Taubasai ne, tun suna yara suke tsokanar juna, da aka tambaye ta ta ce shi take so. Ke nan surukarta ita ce goggonta, yayar mahaifinta uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ke zaune a Adarawo cikin Yola. Kowa Goggo yake ce mata. Ku riƙe wannan zumuncin a ranku, don a kansa maganar za ta dawo.

Bobboyi direban babbar mota ne a wata ma'aikatar gwamnati, yana kai kaya Maiduguri yana dawowa. Dogo ne, ƙaƙƙarfa, ban taɓa jin ya kwanta ciwo ba. Abin alfaharinsa a duniya shi ne duba lafiyar da aka yi masa ranar ɗaukar aiki, aka kuma maimaita masa shekarar da aka koma tuƙi ta hannun dama. Babu mai shayi a Jimeta da bai haddace labarin ba. An sa shi ya tuɓe, an auna tsawonsa da nauyinsa, an leƙa ido, an leƙa kunne, an ce ya fito da harshe, an ce ya yi tari, an ɗauki hoton ƙirji, an karɓi fitsari, an karɓi bayan gida a ɗan gwangwani. Abu tara, na sha ƙirga masa su. Daga ƙarshe likita ya bugi kafaɗarsa ya ce garau yake. Tun daga ranar Bobboyi ya ɗauka cewa gwamnati ta wanke shi daga kowace irin cuta, ta jiya da ta gobe, har da ta jikokinsa.

Ɗansu na fari Salihu. Ya fito ɓul-ɓul, yana dariya, har ya fara zama. Sai hannuwansa da ƙafafunsa suka kumbura kamar an hura su, idonsa ya yi rawaya, in ka taɓa shi ya tsandara ihu. Bai kai yaye ba. Na biyu Bakari, shi ƙyanda ce ta ɗauke shi, a shekarar da ta ɗauki yara shida a layinmu kaɗai. Ta uku mace ce, ita ma ta bi hanyar Salihu: kumburi, rawayar ido, kuka, shiru.

Ni a lissafina, biyu ciwo ɗaya ne, ɗaya kuma annoba ce ta gari. Goggo ba ta yi wannan rabon ba. Ta haɗa kabari uku ta ɗora a kan ƙirjin Asta. Ta ce duk a kan nono suka tafi, to nonon ne.

Da Asta ta haifi ta huɗu, wadda aka sa wa suna Zulaihatu, tun jaririyar ba ta bushe ba Goggo ta iso daga Yola da 'yarta Adda Mairam, wadda ita ma take goyo. A ƙullin gefen zanen Goggo akwai ganye a naɗe, a cikin ganyen akwai tururuwa. Mu tara ne a ɗakin. Goggo ta ɗauko kofin tasa, irin mai santsin nan da ake kawowa daga kanti, ta miƙa wa mai jego.

"Tatsa."

"Goggo, me zan tatsa?"

"Kunu za ki tatsa. Tatsa mana, Asta, kada ki mai da ni abokiyar wasanki, ɗana ne taubashinki ba ni ba."

Asta ta tatsa. Goggo ta jefa tururuwa ɗaya a ciki. Al'adar ita ce, in ta fito da ƙafarta nonon lafiya ne, in ta mutu a ciki nonon ya ɓaci. Muka sunkuya kamar masu kallon rijiya. Tururuwar ta yi ta kai gwauro ta kai mari, ta kama bangon kofin ta zame, ta sake kamawa ta zame, har ta daina motsi.

"Kun gani da idonku," in ji Goggo. "Ƙwaro ma bai sha ba, balle ɗan mutum."

Sannan ta ce a gwada na Adda Mairam don kowa ya shaida. Amma da yake kofin ya riga ya ƙazantu a wurinta, sai ta sa aka tatsa a cikin ludayin duma, tsoho, mai kaushi, wanda duk cikinsa zane-zane ne. Tururuwa ta biyu ta taka ta fito abinta, ta bi hannun Goggo. Mata suka yi kabbara.

Ranar suna da yamma aka naɗe Zulaihatu aka wuce da ita Adarawo, Adda Mairam, wadda ke ba ta nono tun ranar gwajin, za ta ci gaba da shayar da ita tare da nata ɗan. Aka bar Asta da ƙirji a kumbure kamar dutse. Kullum da safe sai ta tatse a ƙoƙo ta haƙa rami bayan ɗaki ta binne, don Goggo ta ce kada kaji su sha su mutu. Aka jera mata jiƙe-jiƙe na wankin nono, saɓara da maɗaci da wasu saiwoyi masu warin da ke kai wa har gidana. Ta sha, ta yi amai, ta sake sha. An yarda ta je ganin 'yarta ranar Juma'a, amma da sharaɗi: ta zauna daga bakin ƙofa, kada ta rungume ta, kada yarinya ta ji ƙamshin nonon ta nema.

Na ji ta ta cikin zana tana roƙon mijin, wanda take kira Hamma.

"Hamma, ka yi wa Goggo magana. Ko da rana ɗaya ce a bar ni in goya ta."

"Ni me zan ce? Ni dai gwamnati ta duba ni, tun daga gashin kai har tafin ƙafa. In da abin daga wurina ne, da sun gani. Ke kuma an gwada naki a gaban mutane. Ki yi haƙuri kawai."

"Tururuwa ce ta duba ni, Hamma."

"To ai ba ta yi ƙarya ba. Ita me ta haɗa da ke?"

Asta ba mai kuka a gaban mutane ba ce. Abin da ta yi shi ne, wata rana ta shigo gidana da wancan kofin tasa, da nonon saniya sabon tatsa daga wurin 'yan tallan Girei, da tururuwa cike da gwangwani. Ta ce in zauna in ƙirga mata. Ta jefa goma, ɗaya bayan ɗaya. Tara suka mutu, ɗayar ma a kan gawar 'yar'uwarta ta taka ta fita. Muka zubar, ta sa kunu. Haka. Ta sa ruwan randa zalla. Haka. Sannan ta tatsa nata, ɗan abin da ya rage, a cikin ludayin duma. Goma ta sa, takwas suka fito.

Ta ɗauki kofi da ludayi ta hau mota zuwa Yola. Ta dawo kafin la'asar. Goggo ko kallon kayan ba ta yi ba. Ta ce tun kakanni ake gwaji ba a taɓa tambayar kwano ba, kuma yarinyar da ta fara gwada uwar mijinta, ƙarshen zamani ya zo.

Nonon Asta ya ƙafe. Zulaihatu ta yi ƙiba a hannun Adda Mairam, Goggo tana yawo da labari gida-gida cewa ta ceci jikarta. Sai da yarinya ta fara zama, daidai lokacin da na farin ya fara, hannuwanta suka kumbura.

Kuna tsammanin a nan maganar nono za ta mutu? Yarinyar da ta girma a kan nonon da tururuwa ta wanke? Ina! Goggo ta ce ai kafin ta iso daga Yola ranar haihuwa, Asta ta riga ta ba ta sau ɗaya, wannan kurɓin ne ya kwanta a cikinta yake aiki yanzu. Ta ƙara da cewa daga yau ko Juma'ar ma an soke.

Adda Mairam ce ta tsorata. Ba ta so 'yar ƙaninta ta mutu a bayanta a ce ita ce. Ta aiko a ɓoye cewa za ta kai yarinyar asibiti da sunan riga-kafi, Asta ta same ta a can. Na raka ta. Muka tarar da wata ma'aikaciyar jinya, Keturah, mutuniyar Numan, mai faɗa amma mai hannu mai sanyi. Ta dubi hannun yarinya, ta buɗe idonta, ta tambayi Asta labarin na baya. Da ta ji, ta ce tana zargin amosanin jini, wanda su suke kira sikila. Ta ɗibi jinin yarinya, ta ɗibi na uwa, ta ce wannan gwajin ba a gama shi a nan, sai an aika Zariya, a jira.

Muka jira har damina ta yi nisa. Ranar da muka koma, Asta ta zo da gyaɗa a ƙulle za ta ba ta tukuici. Keturah ta ɗauki ɗaya ta fasa ta ɗora a tafin hannunta.

"Ƙwaya nawa?"

"Biyu."

"To haka jinin kowa yake a wannan sha'ani. Ɗaya uba ya ba ka, ɗaya uwa. In ɗaya ce mai ciwon, ɗaya lafiyayya, kai lafiya lau kake, ka yi noma, ka yi dako, ka tsufa ba ka sani ba. Ke haka kike, Asta. Ɗaya da ɗaya. Ita kuma 'yarki duka biyun masu ciwon ne."

"Ke nan daga wurina ne."

"Ɗaya daga wurinki. Ke ɗaya kawai za ki iya ba ta, ko kin so ko kin ƙi. Ɗayar fa?"

Asta ta ce, "Amma shi an duba shi. An ɗauki hoton ƙirjinsa. Har bayan gida aka karɓa."

Keturah ta yi tsaki, ta ce, "Waccan dubawar ni ma ina yin ta duk Litinin. Muna neman abin da ya kama mutum yanzu: tarin fuka, tsutsar ciki, ciwon ido, ko zai iya riƙe sitiyari. Yau ka wuce, baɗi ka faɗi, shi ya sa ake maimaitawa. Wannan kuwa ba ciwon da ya kama ka ake nema ba, abin da aka haife ka da shi ake nema. Sau ɗaya ake yi, amsar ba ta canzawa har kabari, kuma ba taka ce kai kaɗai ba, ta iyayenka ce da 'ya'yanka. Ko hoton ƙirji ɗari aka yi wa mijinki ba za a gan shi ba, don ba a ƙirji yake ba."

"Nono fa?"

"Wane nono? Tun tana ciki aka gama rabon. Da kin shayar da ita da ya fi mata."

Asta ta riƙe ɓawon gyaɗar nan har muka iso gida. Wannan kalma ta ƙarshe ce ta fi yi mata ciwo, na gani a fuskarta.

Bobboyi ya ƙi zuwa a ɗibi nasa. Ya ce shi likita namiji ya duba shi, ba zai miƙa hannu ga wata mace ta aika jininsa garin da bai sani ba. Sai Asta ta kai ƙara wurin Bappa Ishaku, ƙanin mahaifinta, wanda shi ne kuma ƙanin Goggo, wato kawun Bobboyi. Tsoho ne mai sayar da shanu a da, ba ya son doguwar magana. Ya tara su a tsakar gidan Goggo bayan azahar: Goggo a kan tabarma, Adda Mairam da yarinya a baya, Bobboyi a kan turmi yana kaɗa makullin mota. Ni ina gefe, a matsayin wadda ta ji bakin Keturah.

Asta ta fasa gyaɗa ta yi bayani yadda aka yi mata, ba ta ƙara ba ba ta rage ba. Bappa ya sa na maimaita. Ya juya ƙwayoyin biyu a hannunsa.

"Bobboyi."

"Na'am, Kawu."

"Ka ji. Sun ce ba sai an ɗibi naka ba, na yarinya ya isa shaida. Ɗaya ta uwa, ɗaya ta uba. To abu biyu ne. Ko dai kana ɗauke da ita kamar yadda Asta take ɗauke da ita, wanda ba abin mamaki ba ne tunda kakanku ɗaya, ubana ne. Ko kuma ba kai ne uban ba. Wanne ne?"

Tambaya ce da ko yaro zai amsa kafin a rufe baki. Bappa ma ya yi ta ne don ya ba shi ƙofar fita da mutunci. Bobboyi ya dubi ƙasa. Ya kaɗa makulli. Ya dubi matar da ta binne masa 'ya'ya uku, ta sha maɗaci saboda shi. Sannan ya ce:

"To, Kawu, ni dai an duba ni, an ce garau. Kuma ka san aikina. Ina yawan kwana a hanya."

Adda Mairam ta ce, "La'ilaha illallahu!" Bappa ya zubar da gyaɗar. Ni kuwa yawu ne ya taru a bakina, na rasa inda zan tofar. Mutum ya gwammace ya jefa wa matarsa wannan ƙazanta, ya mai da 'yarsa marar uba, da a ce akwai abin da likitan ɗaukar aiki bai gani a jikinsa ba.

Asta ba ta ko dube shi ba. Ta tashi ta tsaya a gaban Goggo.

"Goggo, kin ji ɗanki. In ba 'yarsa ba ce, ba jikarki ba ce, ba ki da hujjar riƙe mini ita. In kuwa 'yarsa ce, to ciwon a jini yake, nonona ba shi da laifi, ba ki da hujjar riƙe mini ita. Ki zaɓi wanda ya yi miki daɗi. Ni dai a kwance mini 'yata."

Goggo ta daɗe tana kallon ɗanta. Can ta miƙe, ta je bayan Adda Mairam, ta kwance goyon da hannunta. Ta juya kan yarinyar ta nuna wa Bobboyi.

"Dubi kunnen nan, sakarai. Kunnen wa ye? Dubi goshin. Ni na haife ka, ni na san abin da ka haifa. Tashi ka ba ni wuri."

Ta miƙa wa Asta yarinyar. Ba ta ce ta yi kuskure ba, ba ta kuma taɓa cewa ba har ta koma ga Allah. Iyakar abin da ta ce shi ne, "Ki riƙe ta da kyau, hannun yana mata zafi."

Zulaihatu ba ta san uwarta ba. Ta yi ta ihu tana miƙa hannu wajen Adda Mairam, tana laluben ƙirjin da babu komai a ciki. Haka Asta ta goya ta yarinyar tana kuka, daga Adarawo har tasha, daga tasha har Jimeta. Ba ta sauka a gidan Bobboyi ba. A ɗakina ta sauka, daga baya Bappa Ishaku ya karɓo mata takardar sakinta, ta kama ɗaki a nan Luggere ta fara suyar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa.

Da kunun gyaɗa da nonon saniya ta ƙarasa renon. Abin da Keturah ta faɗa mata shi take bi kamar karatu: ruwa da yawa, gidan sauro, maganin zazzaɓi a kan lokaci, riga mai kauri in hadari ya haɗu, asibiti da zarar ciwo ya motsa. Ciwon bai tafi ba, ba zai tafi ba, an gaya mata tun farko. Akwai daminar da muka fid da rai. Amma yarinyar ta yi tafiya, ta yi magana, ta wuce shekarun da 'yan'uwanta uku suka yi a duniya in an haɗa su gaba ɗaya. Yanzu ita ke jera wa uwarta kwalaben mai a bakin ƙofa, in ta ga na ƙirga ta ce na yi kuskure ta sake ƙirgawa.

Bobboyi yana nan. Ya sake aure, 'yar wani kawun nasa ce kuma, ba a ɗibi jinin kowa ba. Ran nan na wuce teburin mai shayi na ji shi yana ba wasu sababbin direbobi labari, ya kai daidai wurin gwangwanin bayan gida. Na tsallaka titi.